Idona Sai Bayan Zaɓe

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya aiki, ya baƙunta, ya kuma garin da ya fi namu daɗi har aka manta hanyar gida? Ni lafiyata ƙalau, sai gwiwa da ke tuna mini shekaruna duk ranar da hadari ya haɗu. Gwaggonki tana gaishe ki. Har yanzu ita ke aiko mini da abinci, har yanzu kuma gishiri take zubawa kamar da ni take faɗa.

Tela ne ke rubuta mini wannan, na sa ya ajiye ɗinkinsa. Kin san ban shiga aji ba, ban kuma yi da-na-sani ba. Kar ki ƙara tambayar wayar da kika aiko, tana cikin akwati. Da na fara magana a cikinta sai ki ce, "Baba, ana kirana, zan sake bugowa." A takarda babu mai katse ni. Direba mai motar haya da ke zuwa garinku zai riƙa kai miki, ke ma ki riƙa ba shi amsa a tasha.

To, asibitinku yana nan yadda kuka bar shi, da kwaɗo a ƙofa. Ni ina teburina a barandar Tela, shi yana tsallaken titi, muna kallon juna kamar waɗanda aka yi wa rasuwa ɗaya. Bencin da mata ke zama da jarirai an sace masa ƙafa. Awaki ke kwana inda kike tsayawa kina kiran na gaba. Da can idan rana ta take sai in ji kin doki tagar nan da ba ta rufuwa sai da duka, in san kin tashi, in ture agoguna gefe in share miki wurin kwano. Har yau in rana ta take hannuna yana ture su. Tela yana gani ba ya cewa komai, wannan kaɗai ne alherinsa.

Mutanen unguwa kuwa sun haukace a kan katin sabon asibiti. Kowa ka gani ya rataya nasa a wuya kamar lambar yabo. A bencin hira ba a da zance sai Sabon Tsari: an rufe ƙananan asibitoci an haɗe su an yi babba, magani kyauta, aiki kyauta. Wakilin namu ma yanzu ba a kiransa sai Mai Kati, wai shi ya tsaya aka yi. Na ce musu asibitin da sai ka sauka daga mota ka hau wata, ka ci rabin yini kafin ka hango shi, ai na masu lafiya ne. Suka sa dariya. Mai burodi ya ce tsufa ne ke damuna. A gaban kowa na ɗaga hannu na ce wannan hannun ba zai taɓa katin nan ba muddin kwaɗon can yana rataye. Kin san ni in na faɗi magana.

An ce kin tambayi Direba idona. Ki daina tambayar mutane ni, ban mutu ba. Ɗan hayaƙi-hayaƙi ne nake gani, kuma madubin da nake maƙalawa a ido in zan buɗe agogo ne ya tsufa. Sunan mahaifiyata kika ci, shi ya sa nake raga miki, amma ba ke kika haife ni ba.

Naki,
Babanki mai agogo

(Daga Tela: Nas, ina gaishe ki. Ba madubi ba ne. Shekaranjiya ya gaida buhun gawayi, ya kuma ji haushi da bai amsa ba.)

*

Zuwa ga Babana,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarka, na karanta a tsaye a bayan ƙofa, na sake karantawa a zaune. Ina lafiya lau, Allah ya sa gwiwa ta yi sauƙi. Ka gaida Gwaggo, ka ce na ce hawan jini ba ya son gishiri, ko za ta ji tsoro.

Baba, ban manta hanya ba. Mu kaɗan ne, marasa lafiya kuwa daga ko'ina suke zuwa, hutu sai wanda aka yi wa mutuwa. Ɗakin yara aka ba ni. Inda nake kwana ɗan ɗaki ne a bayan wurin wanki, tagarsa zannuwan gado kawai take kallo. Abincin rana a tsaye nake ci, ba mai ture mini komai gefe. Agogon da ka ɗaura mini da shi nake ƙirga bugun zuciyar yara, bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Ga abin da ya sa na matsu in rubuto. Cikin abin da Tsarin nan ya kawo akwai likitan ido. Hayaƙin da kake gani yanar ido ce, cire ta yake yi, ba a ma kwantar da mutum da daɗewa. Tsofaffi ake shigowa da su ana riƙe da sandarsu, washegari a kwance musu ido su fita da ƙafarsu suna faɗa da masu riƙe su. Wata tsohuwa da aka buɗe mata ta ƙura wa surukarta ido ta ce, "Ashe haka kike? Muryarki ta fi ki kyau." Har likitan sai da ya zauna don dariya.

Ka zo. Ba sai ka kawo komai ba. Katin a bakin ƙofa ake yi, yatsa kawai za ka dangwala. Rantsuwarka ta bencin hira ba wanda zai tuna da ita in ka dawo kana gane mutane tun daga nesa. Ni kuma ina so ka ga ɗakin nan nawa, ka kushe shi da bakinka.

'Yarka

*

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa, ina lafiya, kowa lafiya. Takardarki ta zo tun kafin ruwa ya sauka, ga shi har an yi nisa. Da gangan na ƙi amsawa. Na rubuto miki kewa, kin amsa mini da tallan kati.

Amma yau ina da labari. Matar mai burodi naƙuda ta kama ta ana tsuga ruwa. Da kina tsallaken titi da taku kaɗan ne. Aka sa ta a mota, motar ta kafe a hanya, a nan ta haihu. Ita ta rayu, yaron bai zo da rai ba. Bayan an share makoki mai burodi ya zo ya zauna a gefen teburina. Can ya cire katin daga wuyansa ya jefa a kwata. Ban ce masa na faɗa ba. Allah ya gani bakina ya yi ƙaiƙayi, amma ban ce ba.

Daga nan kamar an buɗe famfo. Wannan ya ce ya bi layi tun safe har aka tashi bai ga likita ba. Wancan ya ce an rubuta masa magani an ce babu, ya je waje ya saya. Waɗanda suka yi mini dariya yanzu su ke riga ni gaisuwa: "Mai agogo, ashe kai ka hango." Na ce eh, da idon da kuka ce ba ya gani. Mai Kati ya zo ta'aziyya, matasa suka bi motarsa suna "Ba ma yi! Ba ma yi!" Ko takalminsa bai tsaya sawa daidai ba.

Yanzu wani ya fito zai kara da shi a zaɓe. Mai Mabuɗi ake ce masa, domin duk inda ya je da wani ƙaton mabuɗi yake zuwa, tsawon hannu, yana ɗagawa sama jama'a na ihu. Da kansa ya zo barandar nan. Ya durƙusa, Uwata, a ƙasa, da babbar rigarsa. Ya ce, "Baba, an ce kai kaɗai ne ba ka taɓa karɓar kati ba." Na ce haka ne. Ya ce in ya hau, duk kwaɗon da aka rataya zai buɗe, duk nas ɗin da aka ɗauke za a mayar da ita inda aka ɗauko ta. Na ce har da tawa? Ya ce da ita za a fara.

Yaransa suka ɗauke ni hoto. Suka zaunar da ni a bencin nan mai ƙafa uku, kwaɗon yana saitin kaina, suka ce in ɗaga fuska in buɗe ido sosai. Tun ina saurayi nake gyara wa garin nan lokaci, ba wanda ya taɓa ɗaukar hotona. An ce yanzu ina kowane bango. Tela ya ce na yi kama da wanda aka kama da akuya, amma Tela ɗan kati ne, baƙin ciki yake.

Ki fara haɗa kayanki a hankali.

Babanki

*

Baba,

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri gaisuwar ta yi gajarta yau.

Na gan ka. A bangon asibitinmu aka manna ka, daidai inda muke shiga da safe. An rubuta a ƙasa, "Sun rufe asibitinsa, sun rufe idonsa." Ko an karanta maka wannan? Abokiyar aikina ta ce, "Wannan ba babanki ba ne?" Na ce shi ne. Ta ce, "Kina nan, yana can haka?" Na wuce ɗakin yara. Yini na yi ina sa wa yara ruwa maganarta na yawo a kaina.

Baba, ni na yi aiki a ɗakin can, ba Mai Mabuɗi ba. Me ke ciki? Maganin zazzaɓi, auduga, bandeji, ma'aunin jarirai da sai an ɗora masa dutse yake daidaita. Idon wa na taɓa buɗewa a can? Ko da yana buɗe har yau, abin da zan ce maka shi ne ka tafi babban asibiti, a lokacin kuma sai ka sayar da teburinka kafin a taɓa ka.

Matar mai burodi kuwa na yi mata kuka. Ni na auna cikinta na fari. Da ina nan da na karɓi haihuwar, wannan gaskiyarku ce, ba zan ƙaryata ba. Layin ma gaskiya ne, ni nake ganinsa. Mu ma muna ta faɗa a bar nas ɗaya da mota a kowace unguwa. Amma akwai yaran da a da nake mayar wa iyayensu in ce ku je gida ku yi addu'a, don na san ba su da abin zuwa gaba. Yanzu irinsu nake sallama suna tsalle a kan gado. Gyara abin nan yake so, ba rushewa ba.

Bar wannan. Likitan ido ya tsaya a gaban hotonka ya daɗe, bai san kai wane ne ba. Na ji yana cewa, "Wa zai nemo mini tsohon nan? Yanar idon hagun ta nuna har ta wuce." Na ce babana ne. Ya ce yanar ido in ta wuce lokacinta kumbura take ta danne jijiyar ido, jijiya kuwa in ta mutu babu mai tashinta. Ya ce a kawo ka, ba sai an jira layi ba. Ka ji, hoton naka ya yi amfani ɗaya.

Na sa sunanka a mako mai zuwa. Direba ya ajiye maka kujerar gaba. Zan tsaya a tasha.

'Yarka

*

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya. Direba ya ce kin tsaya a tasha har fasinja suka watse, kin leƙa motar kin sake leƙawa. Wa ya ce ki tsaya a rana? Na ce zan zo?

Ki saurara, tunda ku masu karatu sai an warware muku abu dalla-dalla. In na zo aka buɗe idona da katinsu, hoton can ya zama me? Kafin in sauka daga mota yaran Mai Kati sun ɗauki wani, su manna a kan na farko: ga shi nan, mun buɗe masa. Shi ke nan an gama da mu.

Domin mutanen nan ba su da tabbas. Irin agogon nan ne da ya sha ruwa: in ka girgiza shi ya yi tafiya, in ka ajiye ya tsaya. Matar Tela an kai ta can an cire mata ƙari a ciki, ta dawo da ƙafarta, ba a karɓi ko sisi ba. Na yi mata murna, mutuniyar kirki ce, ita ke ba ni ruwan sanyi. Amma tun daga ranar mata suka fara ƙus-ƙus a bakin famfo: to in Mai Mabuɗi ya hau, katin fa? Bencin hira ya rabe biyu. Mutum da safe "ba ma yi", da yamma yana shafa katinsa a aljihu. Har an ga mai burodi yana tambayar yadda ake sake wani. Ni kaɗai ne ban motsa ba. Yaran Mai Mabuɗi sun ce duk inda aka kai ni aka zaunar, ƙuri'a ce. Ba sai na yi dogon bayani ba, in buɗe ido kawai.

Kina zaton don shi nake yi? Ban san shi ba, ban san ubansa ba. Agogon hannunsa ma jabu ne, tun da ya miƙo mini hannu na ji rashin nauyinsa. Ke nake wa. Tun da mahaifiyarki ta rasu, aurenki kuma ya ƙare kika dawo, mu biyu ne a gidan nan. Wani ya zauna a ofis ya ja layi da biro, aka raba ni da ke ba a tambaye ni ba. Ba ni da kuɗi, ba ni da karatu, ba ni da wani babba da zan kai wa kuka. Idon nan kaɗai ne abin da suka taɓa nema a wurina. To da shi zan sayo ki.

Gwaggonki ta so ta zuba buhunanta a ɗakinki, na ce ta taɓa ƙofar ta gani. Nakan shiga in buɗe taga ya sha iska. Sabulunki yana nan inda kika bari, ya bushe ya tsage, amma ƙamshin bai gama fita ba.

Ido ba ya gudu. Ki ce wa likitanki sai bayan zaɓe.

Babanki

(Daga Tela: Ya ce kar in rubuta, amma ba ya ganin abin da nake rubutawa. Na hagun ya yi ja wur, yana zubar da ruwa. Ɗaure kansa yake da tsumma, har amai ya yi. Rabonsa da buɗe agogo an daɗe, sai dai ya kara a kunne ya ce wa mai shi ya dawo gobe. Na roƙe shi, matata ta roƙe shi. Ya ce mu 'yan kati ne.)

*

Baba,

Ina gaishe ka. Kar ka yi wa Tela faɗa, Allah ya saka masa.

Abin da likita ya ji tsoro ne ya fara. Na nemi izinin kwana biyu in zo in ɗauke ka, an hana, amai da gudawa sun ɓarke, yara har a ƙasa muke kwantar da su. Ga magani nan wurin Direba, na ɗigawa da na sha. Zafi kawai zai rage, ba ya warkarwa.

Ba na son a sayo ni da idonka. Ka ji? Ba na so. Me zan zo in yi a gidan da ba za ka gan ni ba?

Kullum kana ce mini Uwata. To yau na karɓa. Uwarka ce ke magana: ka hau motar nan.

'Yarka

*

Baba,

Direba ya ce ya ba ka takarduna hannu da hannu, ka sa a aljihu. Ya ce ya gan ka a bayan buɗaɗɗiyar mota an ɗora ka a kujera ana zagaya gari da kai cikin rana. Ko hula mai baki ba su sa maka ba.

In fushi kake, ka rubuto ka zage ni. Shirun nan ne ba na iyawa.

'Yarka

*

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina fatan yaranki sun sami sauƙi. Ba fushi na yi ba. Tela ne ya ce ba zai ƙara riƙe mini biro ba sai an gama zaɓe, ni kuma ba zan kai sirrina wurin wani ba.

Mun ci! Da kyar, amma mun ci. An ce tazarar ba ta da yawa, kuma kowa ya san daga unguwannin da aka zagaya da ni ta fito. Mai Kati ya bar gari tun kafin a gama sanarwa. Ranar taron ƙarshe an hau da ni dandamali aka sa mini abin magana a baki. Na ce ni ban san siyasa ba, 'yata nake so a dawo mini da ita. Filin nan ya ɗauki ihu gaba ɗaya. Na ji mata na kuka. Da kin ji, da kin san babanki ba na yarwa ba ne.

An zo buɗe asibiti. Mabuɗin nan ashe katako ne aka shafa wa fenti, na taɓa shi. Na ainihin kuma ba wanda ya san inda yake. Sai da aka kira maƙeri ya yanke kwaɗon da zarto, ana ta tafi. Aka riƙe hannuna na fara shiga. Jemagu suka tashi, wari ya buge mu. Na lalubo gadon awo, ba katifa. Na lalubo teburinki, na san shi da gefen nan da ya ɓalle. Na ce to ina nas? Wani yaro mai turare ya ce, "Ana kan shiri, Baba." Kafin magariba sun rataya sabon kwaɗo, wai saboda ɓarayi. An dai shafe gaban da fenti, an ce ya yi kyau. Tun ranar ban ƙara jin motarsu a layin nan ba, amma sabon hawa aiki ke yi masa yawa.

Ga albishir. Ciwon idon nan ya tafi gaba ɗaya, kamar an cire ƙaya. Na kwance tsumma, ina barci har da minshari. Sai dai na hagun ko fitila aka kawo ba ya sani, ina jin hutawa yake. Kin ga da na ce miki ba ya gudu.

Yanzu maganar rantsuwa. A kan tsohon kwaɗo na rantse, shi kuma an yanke shi a gabana. Wannan sabon ban san shi ba. Saboda haka ki ce wa likitanki na shirya, zan dangwala yatsan. A yi mini aikin, mu dawo tare a mota ɗaya, ni a gaba ina nuna miki abin da ya canja a hanya.

Yaushe suka ce za a sallamo ki?

Babanki

*

Zuwa ga Babana,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, yara sun sami sauƙi, waɗanda Allah ya yi wa sauran kwana. Na daɗe da takardarka a aljihu ban san ta inda zan fara ba.

Baba, na hagun ba hutawa yake ba. Zafin ya daina ne don babu sauran abin da zai ji zafi. Ya tafi. Ka yi haƙuri, gara ka ji daga bakina.

An dakatar da kati, wai sai an sake nazari. Likitan ido da kuɗin Tsarin aka ɗauko shi. Ya haɗa na'urarsa ya tafi, an ce ƙasar waje. Ranar da zai tafi ya tambaye ni, "Tsohon nan na bango bai zo ba?" Na ce yana hanya.

Kullum da safe mutane cike a ƙofar asibiti, kowa da katinsa a hannu, ana ce musu sai sun biya. Da yawansu da bakinsu suke cewa Mai Mabuɗi suka zaɓa, su a buɗe musu na unguwa suka ce, ba su ce a kashe wannan ba. Yanzu shi suke zagi. Hotonka an yayyage shi, saura gefen hularka. Ni na cire sauran da farce, na kasa barin ka haka.

Mu kuma da aka kwaso daga ƙananan asibitoci, an ce gurbinmu na da an soke shi tun tuni, na yanzu kuma ba kuɗinsa. An ba mu takarda mu je gida mu jira kira. Kowa ya san irin wannan kiran.

Na dama yana da sauran rai. Zan nemi inda ake yi, ko nesa ne, ko nawa ne. Ba zan yi maka alkawari ba, ka ƙoshi da alkawari bana.

Zan dawo ƙarshen wata da Direba. Ka ce da idonka za ka sayo ni, ga shi an ba ka ni. Na yi fushi da kai har na gaji, yanzu gida kawai nake so. Ka ce wa Gwaggo ta rage gishiri, mu biyu ne.

'Yarka

*

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa, ina nan. Tela ya karanta mini takardarki, na ce ya maimaita wurin ƙarshen wata, ya maimaita.

Benci ya sake juyawa. Yanzu ni ne na kashe kati. Jiya wata ta tsaya a gaban teburina ta ce, "Mai agogo, ka ji daɗi, maganin ɗana ya koma na kuɗi." Ban gane muryarta ba. Waɗanda suka ɗaga ni sama a filin taro yanzu sai in ji takunsu ya tsallaka titi kafin su iso ni. Su suka dangwala ƙuri'a, ni guda ɗaya na jefa kamar kowa, ita ma sai da aka riƙe mini hannu. Matar Tela ma ta koma a duba ɗinkin cikinta, an ce sai ta biya. Tela ya yi kwanaki keken ɗinkinsa kawai ke yi mini magana. Yau ya ajiye almakashi ya ce, "Kawo, tsohon banza, me za a rubuta?"

Ban ce na yi kuskure ba, kar ya rubuta haka. An raba uba da 'yarsa, ba daidai ba ne, ko gobe aka tambaye ni haka zan ce. Aikinki ne ya tsaya mini a wuya. Na san yadda kika sha wuya kafin ki same shi. Wannan ban sa shi a lissafi ba, ba wanda ya ce mini yana cikin cinikin.

Na sa an share ɗakinki an wanke labule. Na tattara agogunan mutane na ce kowa ya zo ya ɗauki nasa.

Abu ɗaya nake roƙo, kin san ban iya roƙo ba. Direba da la'asar yake isowa, lokacin nan rana tana faɗowa daidai ƙofar ɗakina. Kar ki biya ta baranda, ina ciki a kan tabarma. Ki sa fararen kayanki na aiki. Na san sun ce ki jira a gida, ba don su ba ne. Fari ne kaɗai na daman yake kamawa yanzu, shi ma sai cikin haske.

Ki tsaya a bakin ƙofa. Kar ki yi sallama, na yafe miki. Kar ki yi gyaran murya, kar ki ja takalmi yadda kika saba. Ki ba ni ɗan lokaci. Ina so idona ya riga kunnena sanin ke ce.

In kika ga na daɗe ban ce komai ba, to ki yi sallamar.

Babanki